Tawali'u a cikin jirgin asibiti

A watan Agusta na 2017 wani farin jirgin ruwa mai suna Africa Mercy ya yada zango a tashar Duwala ta ƙasar Kamaru, ya kuwa zauna nan wajen wata goma. A da jirgin fito ne a ƙasar Denmak, sai ƙungiyar Kirista ta Mercy Ships, wadda Don Stephens da matarsa Deyon suka kafa a 1978, ta mai da shi asibiti mai ɗakunan tiyata biyar da gadaje wajen 80. Mutum kusan 400 ke zaune a ciki, daga ƙasashe fiye da 30, kuma babu mai karɓar albashi. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa aiki yara ne: mai tsagaggen leɓe, mai yanar ido, wanda ƙafafunsa suka lanƙwashe, da wanda cutar noma ta cinye masa naman fuska, irin wadda ake jinya a asibitin yara na Sakkwato.

Masu zuwa irin wannan aiki sukan ce sun tafi taimako sai suka samu dangi. Na yarda da su, amma ba kowa ke samun dangin nan ba. Wani yakan gama wa'adinsa ya koma gida yana baƙo kamar ranar da ya hau jirgin. A ganina abin da ya raba su tawali'u ne, wato mutum ya yarda a ransa cewa shi ma mabukaci ne.

Addini ɗaya ba ya hana saɓani, zo mu zauna zo mu saɓa. Mutumin Holan ya saba da sujada cikin natsuwa, ɗan Fentikos daga Gana kuwa sai da ganga da rawa da addu'a da murya sama. Ɗan Katolika na nan, ɗan Baftis na nan, kowa da yadda ya taso. Bature yakan faɗi laifinka a gaban idonka yana ganin gaskiya ya yi, ɗan Afirka ta Yamma ya ji an ci masa mutunci. Shi kuma ya tsaya doguwar gaisuwa, Baturen ya ga ana ɓata lokaci. Ga ƙuncin wuri: mutane da dama a ƙaramin ɗaki mai gadaje hawa-hawa, wanka minti biyu saboda tattalin ruwa. Mai girman kai a irin wannan zama kullum yana auna kowa da mudun garinsu, kullum kuma yana ganin an tauye.

Wannan rikici tsoho ne. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin ikilisiyar farko a Urushalima, inda masu jin harshen Girka suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce ai duk ɗaya muke, a yi shiru ba. Sun amince akwai ƙorafi, aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma duk bakwai ɗin sunayen Girka gare su. Masu rinjaye suka miƙa tukunyar ga ɓangaren da ya koka. Abin da nake nufi da tawali'u ke nan, kuma ya fi sunkuyar da kai da sassauta murya wuya nesa ba kusa ba.

A ɗakin jinya ne abin ya fi fitowa fili. Ma'aikaciyar jinya ta zo daga Norwe ko Ostireliya da takardun shaida da shekarun ƙwarewa, amma ba za ta iya tambayar yaro ɗan shekara biyar inda ke masa ciwo ba. Dole ta jira tafinta, ɗaya daga cikin 'yan ƙasa da jirgin ke ɗauka aikin yini. Mahaifiyar yaron, ko kakarsa, tana kwana a kan katifa a ƙarƙashin gadonsa, ita ce ta san kukan yunwa da kukan tsoro. Wadda ta ɗauki tafinta a matsayin ɗan aike, ta ɗauki uwar yaro a matsayin mai tare hanya, za ta iya ba da magani daidai, amma ba za ta taɓa zama 'yar gida ba. Wadda ta zauna ta koyi gaisuwa, ta bar yara suna gyara mata lafazi suna dariya, ta tambayi uwa yadda ake lallashin ɗanta, ita ce ranar tafiyarta za a yi kuka.

Akwai wani tsari a jirgin da ke burge ni ƙwarai: ma'aikatan su ne ma'ajiyar jini. Idan maras lafiya ya bukaci ƙarin jini, sai a kira wanda jininsa ya dace, ko mai dafa abinci ne, ko injiniya, ko malamar makarantar 'ya'yan ma'aikata. Likitan tiyata komai sunansa ba zai yanka ba sai mai wanke kayan aiki ya gama nasa, sai na ɗakin inji ya riƙe wuta. Kiristoci suna tuna cewa Yesu Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa, kuma da suka yi gardama a kan wane ne babba, yaro ya ɗauko ya tsayar a tsakiyarsu. Musulmi ma ya san matsayin tawali'u a addininsa, ya san girman kai ne ya halaka Iblis.

Sai dai wajibi ne a faɗi ɓangaren da ba shi da daɗi. Aikin sa kai da yara a ƙasar waje yana iya zama girman kai sanye da rigar tausayi. Matashi ya je gidan marayu na mako biyu, ya rungumi yara, ya ɗauki hotuna ya watsa a Facebook, ya tafi. Wani ya zo, shi ma ya tafi. Matashin ya samu natsuwar zuciya, yaron kuwa ya koyi cewa duk wanda ya so shi zai bar shi. Bincike a ƙasashe irin su Kambodiya da Nepal ya nuna yawancin yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci da kuɗin baƙi ne suka kai su can. Shi ya sa Ostireliya, lokacin da ta kafa dokarta ta yaƙi da bautar zamani a 2018, ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bauta. Wanda ya je neman dangi wa kansa ta hanyar 'ya'yan wasu, bai tambayi abin da zuwansa da tafiyarsa za su bar wa yaron ba, ya ci amanar yaron ko da niyyarsa fara ce.

A ɗaya gefen kuma, Dakta Gary Parker, likitan tiyatar fuska daga Amurka, ya hau jirgin Mercy Ships na farko a shekarun 1980 da niyyar ɗan gajeren zama, ya shafe fiye da shekara 30, a jirgi ya reni 'ya'yansa. Ba kowa zai iya haka ba, kuma jirgin kansa ba ya dawwama a tasha ɗaya. Saboda haka ƙungiyar ke horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙasar da ta sauka. A irin wannan horo sai ƙwararren da zai gama aiki cikin awa ɗaya ya janye hannunsa, ya tsaya a gefe awa biyu, likitan ƙasar ya riƙe wuƙar, domin yaran da za a haifa da tsagaggen leɓe bayan jirgin ya tashi, a hannun wannan likitan za su warke.