Maganin Sankara: Ƙaddara ce ko Farilla a Kan Al'umma?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Idan sankarar mama ta kama wata baiwar Allah a Kieche, cikin ƙasar Arewa, ta rasu ba ta ga likitan da ya san cutar ba, akan ce kwananta ne ya ƙare. Gaskiya ne, ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma shin wannan ya sauke nauyi daga wuyan masu rai?

A duba hanyar da ke gabanta. Na'urar gasa sankara tana Yamai, a cibiyar yaƙi da cutar ta ƙasa, kuma sai a 2021 ta fara aiki, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Daga Dogondutsi zuwa Yamai ya haura kilomita 250. Tun 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da sankarar mata kyauta, amma kuɗin mota, masauki, abinci da ɗawainiyar mai jinya suna kan iyali. Manomin da rumbunsa ke ƙarewa kafin damina, ko ya sayar da akuya ko gona, ko ya haƙura. A nan jinkiri ke shiga, ita kuwa sankara da jinkiri take cin mutum. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cutar ta kashe kusan mutum miliyan 10 a 2020, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi.

Tawakkali aikin zuciya ne, ba ya hana gaɓoɓi riƙon sababi. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, kuma Imamu Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya: idan al'umma ta bar shi, dukkanta ta yi laifi. To, maganin da ya tsaya a babban birni, talaka bai iya kai gare shi, bai gama sauke wannan farilla ba. Haƙuri adon majinyaci ne. Mai hali kuwa tambayarsa za a yi me ya bayar.

Hukumomi da kamfanonin magani na duniya suna da nasu hisabin kan farashi. Na ikhwani ya fi kusa. Zawiyar da ke tara jama'a wazifa kullum tana iya kafa asusun kai marasa lafiya Yamai. Muƙaddami yana iya faɗakar da mazaje kada su hana iyalinsu zuwa awo idan an ji ƙullutu a mama. Muridan da ke zaune a Yamai suna iya sauke baƙon jinya. Addu'a da tofi suna tafiya tare da asibiti, ba su maye gurbinsa.

Hidima ga majinyaci ƙofa ce ta kusanci ga Allah. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa mu cikin masu tsaya musu, albarkar Annabi (SAW). Amin.