Mai Ɗingishi Da Tseren Taimako

Karatu: Ibraniyawa 12:1-13, Filibiyawa 2:25-30

Akwai wata hanyar tara kuɗin taimako da ta fara samun karɓuwa a wurin matasanmu, wato gudun famfalaki. Mutum yakan rubuta sunansa, ya zaga wurin dangi da abokan aiki da 'yan'uwa a ikkilisiya, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar, a haɗa kuɗin a kai wa marayu, ko gwauraye, ko waɗanda rikici ya raba da gidajensu. A Ingila abin ya daɗe: tun 1981 ake yin tseren Great North Run daga birnin Niyukasil, kuma da yawa cikin masu gudunsa domin ƙungiyoyin agaji suke yi. A ƙasarmu ma, tun da aka soma tseren birnin Legas a 2016 idon matasa ya ƙara buɗewa. Cikakken gudun kilomita 42 ne da 'yan kai. Rabinsa kuwa kilomita 21 ne da kusan mita 100.

Aikin alheri ne, ba mu da ja. Amma ga ɗan'uwa ya ɗauki alkawari, yana cikin shiri sai ya faɗo daga babur, ko ya yi targaɗe a filin ƙwallo, ko gwiwa ta kumbura. Ranar tsere tana matsowa, waɗansu sun riga sun ba da kuɗinsu, an kuma baza hotonsa a Facebook. Yaya mai bi zai yi?

Mu masu wa'azi muna son labarin John Stephen Akhwari, mutumin Tanzaniya. A wasannin Olamfik na 1968 a birnin Meziko ya faɗi tun bai kai rabin hanya ba, ya ji mummunan ciwo a gwiwa, aka ɗaure masa, ya ci gaba da ɗingishi har ya shiga fili na ƙarshe, fiye da awa guda bayan Mamo Wolde na Habasha ya ci tseren. Labari ne mai motsa zuciya. Sai dai a ranar tsere abin ya same shi, bayan shekaru na horo. Wanda ya ɗauki wannan labari ya ɗora a kan ƙafar da ba ta gama warkewa ba, saura wata uku kafin ranar gudu, ya karanta shi a baibai.

Mu duba Ibraniyawa sura 12. Kowa ya san farkonta, inda aka gargaɗe mu mu yar da kaya masu nauyi mu yi tseren bangaskiya da jimiri, idonmu yana kan Yesu. Kaɗan ne suke bin karatun har aya ta 12 da 13. A can marubucin ya juya ga waɗanda hannuwansu suka yi sanyi, gwiwoyinsu kuma suka raunana. Bai tsawata musu ba. Umarnin da ya bayar shi ne a gyara hanyar da za a bi, domin mai ɗingishi ya sami warkewa maimakon ciwonsa ya ƙaru. Ashe surar da ta ce mu yi gudu ita ce kuma ta damu da ƙafa mai ciwo. Gaskiya ne a kan rayuwar ruhu yake magana, amma daga jiki ya ɗauko misalin, kuma Allahn da ya hure wannan magana shi ne ya gina jikin.

Ya kuwa gina shi da ƙa'ida. Zuciya da huhu sukan saba da gudu cikin 'yan makonni, amma jijiya da ƙashi sun fi su nawa. Nan tarkon yake: numfashi ya dawo, mutum yana jin ƙarfi, alhali idon sawu bai shirya ba. Karayar ƙashi a jikin babba takan ɗauki mako 6 zuwa 8 ko fiye kafin ta haɗe, kuma haɗewa ba ita ce komawar ƙarfi ba. Shi ya sa likitocin gashin ƙashi suke sa mutum ya fara da tafiya, sa'an nan ya gauraya tafiya da sassarfa, minti ɗaya na gudu, biyu na tafiya, yana ƙarawa kaɗan kaɗan, tare da ranakun hutu a tsakani. Masu horar da 'yan gudu sukan ce kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata. Idan ciwo ya sāke yadda kake taka ƙasa, ko ka tashi da safe wurin ya kumbura, jiki ya ce ka dakata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu haɗiyar maganin kashe zafi kafin su fita gudu. Maganin ba ya warkar da jijiya, bakinta kawai yake rufewa. Irin su ibuprofen da diclofenac kuwa, idan suka haɗu da zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki, suna iya taɓa ƙoda.

Wani zai ce, ina bangaskiya take? Ashe ba Ubangiji ne mai warkarwa ba? Shi ne, hakika. Amma ku tuna Shaiɗan ma ya kawo nassi sa'ad da ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali, Ubangiji kuwa ya ƙi gwada Allah (Matiyu 4:5-7). Ku tuna kuma da annabi Iliya. Da ikon Allah ya yi gudu a gaban karusar Ahab daga Karmel har Yezreyel, amma ba da daɗewa ba sai ga shi kwance a gindin itace cikin jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi a kan ragwanci ba. Gurasa ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya sāke yin barci, ya sāke ciyar da shi, sa'an nan tafiyar kwana arba'in ta biyo baya (1 Sarakuna 19:4-8).

Saura maganar alkawari, kuma ita ce mai nauyi, gama Mai Hadishi 5:4-5 ya ja kunnen mai yin wa'adi ya ƙi cikawa. To, mene ne ainihin wa'adin? Marayun nan kuɗin makaranta da abinci suke bukata, gwiwarka ba za ta amfane su da kome ba idan ta lalace. Sau da yawa kuma, in mun bincika zuciyarmu, ba tausayinsu ne yake tura mu kan hanya da ƙafa mai ciwo ba, kunyar mutane ce, da gudun kada a ce mun kāsa. Hanyar gaskiya a buɗe take. Ka koma wurin waɗanda suka yi alkawari ka faɗa musu halin da ake ciki. Idan likita ya yarda, ka yi tafiya a inda ka yi niyyar gudu. Idan bai yarda ba, ka ɗaga zuwa wani tseren, ka kuma ba kowa zaɓi ya karɓi kuɗinsa ko ya bari a kai wa mabukata. Kobo ɗaya kada ya kwana a aljihunka ba tare da sanin mai shi ba.

Ikkilisiyar Filibi ta taɓa aiken wani ɗan'uwa, Abafaroditas, ya kai wa Manzo Bulus gudummawa a kurkuku, ya kuma zauna yana yi masa hidima. Ya kai saƙon, amma rashin lafiya ta kama shi har ya kusa mutuwa. Abin da ya fi damunsa ma shi ne mutanen gida sun ji labari. Bulus bai riƙe shi ba, ko da yake yana bukatarsa. Ya mai da shi gida da wasiƙa a hannu, ya kira shi ɗan'uwa, abokin aiki, abokin yaƙi, ya kuma umarci ikkilisiya ta karɓe shi da murna da girmamawa, domin kada wani ya dube shi kamar wanda ya gudu daga aiki.

Iyaye da ma'aurata, wannan umarni naku ne. Idan ɗanku ko 'yarku, ko maigida ko uwargida, suna cikin irin wannan jinya, ku raka su asibiti, ku tuna musu da motsa jikin da aka rubuta musu, ku fita tafiyar asuba tare da su kafin rana ta yi zafi. Zumuntar matasa kuma tana iya raba kilomita 21 ɗin nan tsakanin mutum bakwai, kowa ya ɗauki uku, a yi a filin makaranta bayan sujada, mai jinyar yana zaune a inuwa da littafin lissafin kuɗin a hannunsa.