Wayar da Ka Saya, Wa Ke da Iko da Ita?

Malaman fiƙihun Malikiyya, tun daga Mukhtasar na Shehu Halilu har zuwa sharhohinsa da ake karantawa a zaurukan Katsina, sun ware babi guda a kan hajaru, wato hana mutum tasarrufi da dukiyarsa, kuma sun ambaci yaro da mahaukaci da safihi mai almubazzaranci cikin waɗanda hukuncin yake hawa kansu, saboda maslaharsu ake tsarewa.

To, sai ga wani hajarun ya zo mana daga Amurka, ba alƙali, ba shaidu. Mutumin Tamawa ta ƙasar Kurfi ya sayar da dawarsa a kasuwar Dutsin-Ma, ya sayi waya da halaliyarsa, ya zuba mata data, amma ranar da manhajarta ta buƙaci sabuntawa sai ta ce lalle ya nemo Wi-Fi, alhali kuwa abin da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma zai iya samu, manomin ƙasar Kurfi bai san inda zai same shi ba. Kamfanin Apple da ya ƙera wayar ya daɗe a kan wannan sharaɗi kafin ya sassauta.

Hujjar kamfanin tana da fuska, domin sabuntawa ɗaya takan lashe datar da talaka ya yi tattalinta don wata guda. Sai dai nasiha daban, hani daban. Wayar da ba a sabunta ba ƙofarta a buɗe take ga 'yan damfara, kuma a cikinta yau mutane suke ajiye kuɗinsu. Baligi mai hankali, in an bayyana masa abin da zai kashe, shi ya cancanci ya yanke wa aljihunsa hukunci.