Lissafin ɗan kasuwa da sanin gaibu

Kafin in je Marwa sarin kaya, sai na kintaci yawan mutanen da za su shigo Kolofata a makon. Nakan tambayi masu babur ko hanyar Kerawa da ta Amchide suna biyuwa. Nakan bincika ko an kwashe albasa, ko Sodecoton ta biya manoma kuɗin auduga, da yadda naira take a gaban sefa, don idan ta faɗi mutanen Banki, masu saye da naira, sukan ja baya. Manyan kantunan Duwala da kwamfuta suke wannan aiki, ni kuwa da kunne da tsohon littafin bashi.

Kawuna ba ya son wannan ɗabi'a tawa. "Ɗana," yakan ce, "mai rabo zai zo ko ba ka ƙirga shi ba." Hujjarsa ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ce, wadda ta tabbatar cewa babu rai da ya san abin da zai samu gobe. Ba na raina maganarsa, don mun gani da idonmu. Ranar 27 ga Yulin 2014, ana jajibirin ƙaramar Salla, shaguna cike da sukari da atamfa, Boko Haram suka faɗa wa garin, suka tafi da matar Amadou Ali, mataimakin firaminista na lokacin. Babu littafin da ya nuna wa kowa wannan.

Duk da haka ban yarda lissafi shisshigi ne a cikin ikon Allah ba. Mai duba yana da'awar ya san ɓoye. Ni abin da ke fili nake karantawa: rafi ya cika a Agusta, 'yan ƙauye ba za su ƙetaro ba, gishiri zai jiƙe a buhu. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya tsara ajiyar hatsin shekara 7 don wasu 7 masu zuwa, ba a ce ya rasa tawakkali ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne yawancin kayan nan bashi ne. Dillalina ya ba ni a kan amana, shi ma wani yake bin sa. Idan na loda buhu 40 a makon da 15 za su fita, na ce ai Allah zai kawo, da dukiyar wani na yi kasada, kuma za a tambaye ni a kanta. Shi ya sa da damina nake rage sari, ko da kawu ya leƙo ya ga shagon da sauran fili.