Tafkin Nyos: azaba ce ko jarrabawa?

A daren 21 ga Agustan 1986, Tafkin Nyos da ke Arewa maso Yammacin Kamaru ya yi gyatsa. Tafkin yana zaune ne a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, kuma shekara da shekaru iskar kabon tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana taruwa a gindinsa. Da ta ɓalle, sai ta gangara cikin kwari saboda ta fi iskar shaƙa nauyi, ta ratsa ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Gari ya waye bukkoki na tsaye, tukwane na kan murhu, amma mutane fiye da 1,700 sun riga mu gidan gaskiya. Dabbobi kusan 3,500 ne suka mutu, akasarinsu shanun Fulani makiyaya. Ruwan tafkin ya rikiɗe ya koma ja.

A Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da Tsinga a Yawunde, zancen shanu ba baƙo ba ne. Tukubar mai tsire da su ta dogara. In hira ta biyo ta kan Nyos a teburin mai shayi, ra'ayi yakan rabu. Wani ya ce fushin Allah ne, wani ya ce Turawa ne suka gwada bam, jita-jitar da ta yaɗu tun a lokacin. Dattijo kuwa ya ce ƙaddara ce, a bar zancen.

Mai cewa azaba ce yana da aiki a gabansa. Iskar ba ta tantance mai sallah da marar sallah ba, kwari kawai ta bi. Jariri a goye ya mutu, wanda ya kwana a kan tudu ya tsira. Malamai suna tunatarwa cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka haɗa abubuwan biyu, shi kuwa ya gyara musu fahimta, ya nuna kusufi ba ya faruwa don mutuwar wani. Wanda ya ɗora wa mamatan Nyos laifi ya yi shisshigi cikin ilimin da ba a ba shi ba.

Kuma wutar da ke kashewa ita ke ciyarwa. Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, ya yi aman wuta a 1999 har narkakken dutse ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili, ya sake yi a 2000. Duk da haka manoma ba su gudu ba, domin baƙar ƙasar da toka ta bari ce ke raya gonakin ayaba da kwakwar manja na kamfanin CDC da ganyen shayin Tole.

Tasirin aman wuta yakan tsallaka teku. Aman Laki a Aisland a 1783 ya turnuƙe sama da hayaƙin farar wuta, kuma masana suna danganta shi da ƙarancin ruwan Nilu da yunwar da ta biyo baya a Masar. Na Pinatubo a Filifin a 1991 ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri. Manomin da daminarsa ta yi gardama saboda dutsen da bai taɓa jin sunansa ba, wane zunubi za a lissafa masa?

Saura mai cewa ƙaddara ce. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, bai ga hakan ya ci karo da imaninsa ba. A Nyos ma an samu gargaɗi: a 1984 Tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Sai a 2001 aka kafa bututun farko da ke zuƙo ruwan gindin Nyos yana fesa shi sama don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. Waɗanda suka tsira an tsugunar da su a sansanoni irin su Buabua da Kimbi, kuma da yawansu sun lallaɓa sun koma kwarin, saboda ƙasarsa ta fi ta sansanin albarka.