LAIFIN WA NE?

'Yan'uwana mata, akwai wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba, domin cikin mutum miliyan ɗaya da ƙyar a sami uku masu ita. Likitoci na ce mata PKAN. Yaro zai tashi lafiya lau, sai kafin ya cika shekara shida a ga ya soma faɗuwa ba dalili. Sannu a hankali ƙafa ta murɗe, wuya ya karkace, harshe ya yi nauyi, har loma ta gagare shi haɗiya. Sinadarin ƙarfe ne ke taruwa can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wurin da ke sarrafa motsin jiki.

A shekarar 1922 wasu likitoci biyu a Jamus suka fara bayaninta, bayan sun gan ta a jikin 'yan mata biyar, uwa ɗaya uba ɗaya. Biyar fa! Allah Sarki uwar nan. Da a gidajenmu ne, na san abin da kunnenta zai sha. Uwar miji ta ce daga danginta aka kwaso, kishiya ta ce aljanunta ne, wata ma ta ce ai ƙwayoyin ƙarin jinin da ta sha wajen awon ciki ne suka taru a kan yaro, alhali babu ruwan ƙwaya, babu ruwan abinci.

Sai a 2001 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta. Yaro ba ya kamuwa sai ya gaji mai naƙasa daga uwa, ya kuma gaji irinta daga uba. Su iyayen garau suke, ba su ma san suna ɗauke da ita ba, kuma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da ciwon. Shi ya sa ta fi ɓulla inda auren zumunci ya yawaita.

To in rabi daga miji ne, don me za a kama mace ita kaɗai? Ni ban ma yarda a kira shi laifi ba, tunda ba wanda ya zaɓi jinin da aka haife shi da shi. Abin da mutum ke zaɓa shi ne abin da zai yi bayan ya sani.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, sai dai na sassauta murɗewar jiki. Saura jinya ce: a juya yaro cikin dare, a dama masa kunu ruwa-ruwa kada ya shaƙe, a goya shi ya girma a baya. A nan nake son maigida ya karɓi rabinsa.