Ina Fuskar Kwabo, Ina Bayansa?

Ɗauki tsabar naira ɗaya ta 2007, in har za ka same ta a ƙasan wata tsohuwar adaka. Gefe guda kan Herbert Macaulay ne da gashin bakinsa, ɗaya gefen tambarin Najeriya: dawakai biyu, mikiya, da garkuwa mai zanen mahaɗar Neja da Binuwai. Wanne ne fuska? Ido zai ce inda kan mutum yake. Littattafan masu tara tsofaffin kuɗi kuwa gefen tambari suke kira fuska, su bar Macaulay a baya.

A zamanin Turawa ba a wannan gardama. Sule da sisi suna ɗauke da kan Sarkin Ingila ko Sarauniya, kuma inda kan mai mulki yake nan ne gaba. Har yau ma "kan sarki" muke ce wa ɗan tambarin wasiƙa. Wahalar ta zo ne da ƙasashen da suka cire sarki daga kuɗinsu. Ailan ta buga nata a 1928, ta sa garayarta mai tsirkiya da yawa a gefe guda, a ɗaya gefen ta sa dabbobi: kaza da 'ya'yanta, doki, bijimi, zomo, kifi. Duk wanda ya ga doki zai rantse shi ne fuska, tunda yana da kai. Amma a hukumance garayar ce, domin ita ta gaji kujerar sarki. Ko da suka koma kuɗin Yuro a 2002, tana nan a gefen da ake kira fuska.

Ke nan ƙarfen kansa bai san gaba da baya ba. A sana'armu ta rubuta manhaja muna ganin haka kullum: in kana so kwamfuta ta bambance gefen tsaba, sai mutum ya zauna ya yi wa dubban hotuna laƙabi, wannan fuska, wannan baya. Abin da aka faɗa mata shi za ta maimaita. Ban ga laifin yarjejeniya irin wannan ba, in babu ita ko ciniki ba zai yiwu ba. Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar "baya" ke ɗauke da raini a bakinmu. Wanda aka bari a baya an manta da shi, wanda aka juya wa baya an rabu da shi.

To duba abin da aka ajiye a bayan tsabar da ta zo da naira a 1973. Rabin kwabo auduga, kwabo ɗaya rijiyoyin mai, kwabo 5 koko, kwabo 10 itacen kwakwar manja, kwabo 25 gyaɗa. Gumin talaka gaba ɗaya yana can. Kuma a wannan gefen ne aka rubuta nawa tsabar take. Mai ƙosai ba ruwanta da mikiya, juyawa take ta karanta lamba. Fuska tana faɗa maka wanda ya tsaya wa kuɗin, baya ke faɗa maka abin da za su saya.

Mu a ƙasar Yauri wannan ba tatsuniya ba ce. Kogin da ke kan garkuwar tambari shi ne ke wucewa ta ƙofarmu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, fuskar aikin wutar lantarki ce da hotunan buɗe taro. Bayansa kuwa mutum sama da 40,000 da aka tayar, da tsohuwar Busa da ruwa ya haɗiye, da tsibiran Gungawa inda suke noman albasa tun kaka da kakanni. Duka biyun gaskiya ne, ƙarfe ɗaya ne, ba za ka karɓi gefe ɗaya ka ƙi ɗaya ba. Amma wanda ya rubuta littafin makaranta shi ya zaɓi gefen da zai kalli sama, kuma yaro a Ngaski ko Shanga yakan haddace shekarar madatsar kafin ya ji sunan ƙauyen kakansa da ke ƙarƙashin tafkin.